Karayar Damtse Kusa da Kafaɗa: A Sa Ƙarfe Ko A Rataye Hannu?

Da an ce wa mutum ƙashin damtsensa ya karye ta sama wajen kafaɗa, hankalinsa sai ya tafi kan kuɗin ƙarfe. Ni dai shawarata, kafin ka tambayi farashi, fara tambayar likita: gida nawa ƙashin ya rabu, kuma ya goce daga mazauninsa ko yana nan?

Likitocin ƙashi suna amfani da ma'aunin da Charles Neer ya fitar a 1970. Kan ƙashin na iya rabuwa har gida huɗu, kuma ba a cewa ɓangare ya goce sai ya matsa fiye da santimita 1 ko ya karkace fiye da digiri 45. Yawancin irin wannan karaya ba ta kai nan ba, ratayewa kawai take so: a ɗaure hannun a wuya na 'yan makonni, ana ɗaukar hoto ana dubawa, daga nan a shiga gashin ƙashi. Ko a wadda ta goce ma, binciken PROFHER da aka yi a Birtaniya kan mutum 250, aka wallafa a 2015, bai ga wani bambancin a zo a gani ba bayan shekara 2 tsakanin waɗanda aka yi wa aiki da waɗanda aka rataye wa hannu. Sai dai akasarinsu dattawa ne.

Matashin da ya faɗo daga mashin a hanyar Zariya, ƙashinsa da ƙwari amma ya goce sosai, shi ne farantin ƙarfe ya fi yi wa rana. Na zamani, irin su PHILOS, ƙusoshinsa suna kullewa a jikin farantin, sai ya riƙe gutsattsarin gam, a fara motsa hannu da wuri. Amma fa yana da nasa. Idan ƙashin tsohuwa ne da ya yi laushi, kan yana iya lotsawa har tsinin ƙusa ya leƙo cikin gaɓa, ko jini ya daina isa kan ƙashin, a koma ɗakin tiyata karo na biyu. Wannan ne ya sa ba na son a gaggauta sa wa iyayenmu ƙarfe don kawai 'ya'ya suna da halin biya.

Akwai kuma sandar ƙarfe da ake zurawa ta cikin ɓargo. Yankanta kaɗan ne, ta dace da karayar gida biyu, illa dai takan bar ciwon kafaɗa. Dattijon da kan ƙashinsa ya dagargaje kuwa, wani lokaci sauya gaɓar ya fi, ko da yake ya fi duka tsada.

Masu ɗori fa? Ban raina su ba, amma kafaɗa ba ta ɗauruwa da karare kamar ƙwauri, kuma in akwai gocewar gaɓa tare da karayar, ja da murɗa na iya lalata jijiya. A fara ɗaukar hoto.

In an tsaya kan faranti, nemi a rubuta maka lissafi dalla-dalla: farantin, yawan ƙusoshi, kuɗin tiyata, allurar barci, jini, da gashin ƙashi na watanni, wanda mutane suka fi mantawa alhali shi ke dawo da ɗaga hannu. Tambayi sunan kamfanin ƙarfen, da ko akwai na'urar ɗaukar hoto a cikin ɗakin tiyatar don a tabbatar ƙusa ba ta zarce ba. Mai katin inshorar lafiya ta Jihar Kaduna (KADCHMA) ko ta tarayya (NHIA) ya binciki abin da inshorarsa ta ɗauke.

Jin ta bakin likita na biyu ba laifi ba ne. Ga Asibitin Barau Dikko da Asibitin 44 a cikin garin Kaduna, ga Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Sai dai a yi cikin kwanaki, domin in an haura mako biyu zuwa uku ƙashin ya fara kamawa a karkace, aikin ya ƙara wuya.