Amlodipine ko Lisinopril: Wanne Za a Fara Bayarwa?

Ɗaliban likitanci masu shirin jarrabawa sun yi ta tambayata: idan awo ya tabbatar da hawan jini, 140/90 ko sama, wanne za a fara bayarwa tsakanin magungunan nan biyu, amlodipine da lisinopril?

Amlodipine ya fi sauƙin sha'ani: miligiram 5 zuwa 10 a rana, kuma idan magani ɗaya za a bayar, ya fi aiki a jikin baƙar fata. Illarsa kumburin ƙafa, har takalmi ya matse da yamma.

Lisinopril kuwa yana kare ƙoda, amma sai an duba potassium (wani sinadari a jini) da creatinine (abin da ke nuna yadda ƙoda ke aiki) bayan mako 1 zuwa 2 da fara shan sa, ƙarin kuɗi ke nan. Yana jawo busasshen tari, kuma sam ba a ba mai juna biyu. Ɗalibai, nan ake ɗana muku tarko a jarrabawa, ku kula.

Dattijo marar wata cuta, amlodipine ya fi dacewa da shi. Mai ciwon suga da furotin a fitsari, lisinopril.