Kafin ka yo odar sintisaiza mai sikwensa kana Katsina

Ƙanena da ke da ɗan situdiyo a wajen Ƙofar Ƙaura ya tara kuɗi ya yo odar Korg Monologue, wata sintisaiza, wato na'urar ƙirƙirar sautin kiɗa da lantarki, daga Legas, a zatonsa irin fiyanon Yamaha PSR ne, wanda kana danna maɓalli ganga da bes za su taso tare. Ya kunna, ya ji murya ɗaya tal. Ya waiwayo ya ce, "Yaya, ina gangar?" Babu ita, ba a kuma yi alkawarinta ba.

Sikwensa ma'ajiya ce: ka jera mata sautuka taku-taku, ta riƙa maimaita su yayin da hannunka ke murɗa sautin. Abin dubawa na farko shi ne layin kiɗa nawa take ɗauka a lokaci guda.

A nan Roland JD-Xi, wanda ya fito a 2015, ya yi wa sauran fintinkau. Layi huɗu gare shi: ganga, sautin dijital biyu, da analog ɗaya. Ga makirufo mai lanƙwasa da AutoPitch, irin gyaran muryar da kunnen masu nanaye ya saba da shi. Mai neman ya haɗa kiɗan biki ba tare da kwamfuta ba, wannan ne nasa. Sai dai maɓallansa 37 ƙanana ne, allonsa ɗan mitsitsi, kuma ba ya cin batir. Aka ɗauke wuta kafin ka adana, aikin ya bi ruwa.

Monologue ɗin da ƙanena ya so mayarwa, ni kam shi ya fi kwanta min. Taku 16 ne kacal, amma kowane taku da maɓallinsa a gabanka, kana gani kana gyarawa, ba sai ka shiga lalube a allo ba. Batura shida irin na rimot suna tashinsa, ka zauna a zaure ka yi aikinka ko garin ya kwana a duhu. Abin da ya fi ja na shi ne yana bari ka saita sautin kowane maɓallin kiɗa, ka ɗaga shi ko ka sauke shi kaɗan. Duk wanda ya taɓa bin kukuma ko gurmi da fiyano ya san yadda sautin ke faɗawa tsakanin maɓalli biyu. A nan kana iya cim masa. Mai son haɗa sauti huɗu tare sai ya ƙara kuɗi ya ɗauki Minilogue xd na 2019, shi ma yana da wannan saitin, amma wuta yake so.

Arturia MicroFreak yana kai taku 64, kuma fawa bank ma yana tashinsa. Maɓallansa shafaffen faranti ne da ba ya lotsawa, ba kowane yatsa ke sabawa da shi ba. Ka taɓa kafin ka biya.

Su Volca kuwa, ƙananan na'urorin Korg, araha ce, da 'yar lasifika a jiki. Sun dace da koyo da wasa.

In na hannu za ka saya, a Sabon Garin Kano ko kasuwar Alaba ta Legas, ka murɗa kowane maɓalli kana saurare da iyafis. Ƙurar hunturu in ta shige ciki, ƙarar-ƙarar za ka ji. Ka tabbata adaftarsa ta asali ce, sannan ka kai wa tela awonsa ya ɗinka masa riga.