Mankell ko Nesbo? Ka fara da Mankell

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi wanda za ka saya tsakanin Henning Mankell da Jo Nesbo, marubutan labaran binciken laifi. Tunda kuɗin na marubuci ɗaya ne, ka sayi Mankell, ba sai ka yi dogon shawara ba. Littattafansa bakwai ne a kantata. Nesbo kuwa biyu na taɓa saya, ɗayan ma ban kai ƙarshensa ba.

A ɗakin jinya na fara karanta Mankell, shekarar da mahaifinmu ya kwanta ciwon ajali, Allah Ya jiƙansa. Ƙanena ne ya tsinto mini Faceless Killers wurin masu gwanjon littattafai, bangon duk ya nannaɗe, ya ce in riƙa rage dare da shi. Na zaci labarin farautar masu kisa ne kawai. Sai na tarar da Kurt Wallander, jami'in binciken 'yan sanda a ɗan ƙaramin garin Ystad da ke kudancin Suwidin: matarsa ta bar shi, 'yarsa Linda ta ja jikinta, ga tsohon mahaifi mai rigima wanda ya shekara da shekaru yana zana hoto iri ɗaya. Akwai inda aka kira Wallander, ya je ya iske tsohon yana ratsa gona da kayan barci a jikinsa, riƙe da akwati, wai Italiya za shi. A lokacin Baba ya fara ruɗewar tsufa, yakan farka tsakar dare ya ce a miƙo masa takalmi zai tafi kasuwa, kasuwar da ya bari fiye da shekara goma. Na rufe littafin, na daɗe ina kallonsa yana barci. Tun daga daren nan nake neman duk abin da mutumin ya rubuta.

In ka san rayuwarsa za ka gane inda wannan tausayi ya samo asali. An haife shi a Stockholm a 1948. Mahaifiyarsa ta tafi tun yana jariri, ya tashi a hannun mahaifinsa, wanda alƙali ne a garin Sveg, can yankin sanyi. Yaron da ya girma a gidan alƙali dole ya saba da jin yadda talaka ke faɗawa laifi. Yana shekara 16 ya bar makaranta ya shiga aikin jirgin ruwa, daga baya ya koma harkar wasan kwaikwayo. Tun daga 1986 ya riƙa raba shekararsa tsakanin Suwidin da Maputo, babban birnin Mozambik, inda ya yi aiki da gidan wasan Teatro Avenida kusan har ƙarshen ransa.

Zaman Afirkan nan ne ya haifi Wallander. Da ya koma gida wajen 1989 ya ga ƙyamar baƙi ta yi ƙarfi a ƙasarsu, sai ya yanke shawarar rubutu a kai, kuma tunda a wurinsa wariyar launin fata laifi ce, labarin yana buƙatar ɗan sanda. Sunan ma a kundin lambobin tarho ya tsince shi. Shi ya sa Faceless Killers, da ya fito a 1991, ya fara da kisan wani tsohon manomi da matarsa, kalmar ƙarshe da ta fita daga bakin matar ita ce "baƙo". Kalmar ta ɓulla a jarida, aka far wa 'yan gudun hijira, har aka harbe wani Basomale da bai ji ba bai gani ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda jita-jita ɗaya ke ƙona unguwa zai karanta wannan da faɗuwar gaba. The White Lioness na 1993 kuwa ya faro da ɓatan wata dillaliyar gidaje a Suwidin, ya ƙare a makircin kashe Nelson Mandela a Afirka ta Kudu. Kuma mutumin bai tsaya a takarda ba: a watan Mayun 2010 yana cikin ayarin jiragen ruwan da suka nufi Gaza da kayan agaji, sojojin Isra'ila suka tare su, aka kama shi aka mayar da shi ƙasarsu. Ciwon daji ya yi ajalinsa a Oktoban 2015, yana da shekara 67.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Yana da jan labari. Za ka yi shafi ashirin ana taro a ofis, ana shan kofi, ruwan sama na zuba, bincike ya cije. The Dogs of Riga ma a ganina ya fi sauran rauni. Amma haka aikin bincike yake a zahiri, kuma a cikin wannan jinkirin ne kake ganin Wallander yana tsufa, ciwon suga ya kama shi, har zuwa The Troubled Man na 2009 inda mantuwa ta fara cin ƙwaƙwalwarsa.

Nesbo gwani ne, wannan ba gardama. Ɗan ƙasar Nowe ne, haihuwar 1960, ya buga wa ƙungiyar Molde ƙwallo har rauni a gwiwa ya tsayar da shi, ya yi dillancin hannun jari, yana kuma waƙa a ƙungiyar Di Derre, sannan ya fitar da The Bat a 1997 da ɗan sandansa mashayi Harry Hole. Ya fi Mankell sauri da iya ɓoye mai laifi. The Redbreast na karanta shi har ƙarshe, ya yi kyau, don ya taɓo 'yan Nowe da suka yi yaƙi a ɓangaren Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma mahaifin Nesbo na cikinsu. Amma The Leopard, wanda na saya sabo da tsada, tun a shafukan farko aka cusa wa wata mata ƙwallon ƙarfe mai allurai a baki, marubucin kuma ya tsaya yana bayyana abin dalla-dalla. Ban kai rabi ba na ajiye, har yau kuɗin na yi mini ciwo. A Mankell ma akwai jini, sai dai ya kan nuna maka ya wuce zuwa ga mutanen da aka bari da kuka. In akwai yara masu ɗaukar littafi a gidanka, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Sai batun masu sayarwa, ko da yake ba ka tambaya ba. Jabu ya cika kasuwa. Na taɓa yin odar Sidetracked daga wani mai talla a intanet, hoton da ya turo na asali ne, abin da ya iso kuwa kwafi ne a farar takarda mai kauri, tawada ta dusashe, shafi goma sha shida sun maimaita kansu a tsakiya, wasu goma sha shidan babu su. Da na yi magana ya toshe lambata. Don haka kada ka tura kuɗi sai an ɗauko maka bidiyon littafin ana buɗe shi. In a hannu za ka saya, ka duba lambobin shafi daga tsakiya, ka tanƙwara gadon bayansa kaɗan. Na jabu gam ɗinsa ƙara yake yi, shafi ya fara zarewa. Gwanjon da takardarsa ta yi ja ya fi sabon jabu sau goma. Ka kuma yi hattara da masu cewa "cikakken jerin Wallander" alhali guda biyar ne a ledar, ko su cusa maka littattafan Mankell da babu Wallander a ciki, tunda ya rubuta wasu da yawa, har da na yara. Masu sayar da fayil ta WhatsApp kuwa kayan sata suke karɓar kuɗi a kai.

Ka fara da Faceless Killers, sai The White Lioness, sai Sidetracked na 1995, wanda ya ci kyautar Gold Dagger ta Ingila a 2001, sai The Fifth Woman. A farkon wannan na ƙarshen ne Wallander ya dawo daga kai tsohon nasa birnin Rum na Italiya, tafiyar da tsohon ya daɗe yana buri. The Troubled Man ka bar shi sai ka gama sauran duka, ko da mai shago ya ce shi kaɗai ya rage.