Falamban da ya raba mu da ƙarar bututun hita a Bronx

Duk wanda ya taɓa zama tsohon gida a Bronx ko Brooklyn, a birnin New York, ya san ƙarar nan, ƙwal! ƙwal! kamar ana dukan bututu da guduma, musamman wajen asuba in boila, wato tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi, ta tashi. Hitar gidanmu ta tururi ce mai bututu ɗaya, hanyar da tururi ke bi ya hau radiyeta, ƙarfen da ke ɗumama ɗaki, ta nan ruwan ke komowa ƙasa, kuma tunda aka kunna ta a Oktoba yara ba su ƙara barcin kirki ba.

Falamban da ya fara zuwa ko besmen, ɗakin ƙarƙashin gida, bai gama dubawa ba ya ce wai sai an canza boila. Na biyun wani dattijo ne da aikin tururi kawai yake yi, shi ne nake so in yaba, don da lebur, abin auna gangare, ya shigo a hannu ya dinga bin bututu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce min boila lafiyarta ƙalau, ruwa ne ke kwanciya a hanya, tururi in ya huce ya koma ruwa dole ya gangara, toh in ya samu inda bututu ya lotsa sai ya taru, sabon tururi ya taho a guje ya kwashe shi ya maka a kwana, ƙarar kenan. Ai kuwa sai ga wani ƙarfe da ke riƙe babban bututun ya saki. Ya ɗaga shi ya mayar da gangaren, inci 1 a duk ƙafa 20.

Abin da ya fi ba ni mamaki fresha, wato ƙarfin matsin tururi, an ɗaga ta kusan 5 psi (ma'aunin fresha kenan), ya sauke ta ƙasa da 2, ni a tunanina gidan zai yi sanyi amma wallahi ɗumin ma ya fi saurin isa sama. Ya canza mafitar iskar babban bututu, inda iska ke fita tururi ya samu hanya, ya sa ta kamfanin Gorton mai lamba 2, ya cusa 'yan katakai ƙarƙashin ƙafar radiyetoci su ɗan karkata wajen bawul. Sannan ya ja kunnen mai haya a sama, bawul ɗin nan ko a buɗe shi duka ko a rufe duka, rabi da rabi shi ke tare ruwa. In zafi ya dame ka mafitar iskar radiyeta za a rage.

Inda ya ban haushi, kuɗinsa da zafi gaskiya, kuma samunsa a waya aiki ne lokacin sanyi. Naɗe bututun besmen da audugar gilas ma bai yi ba, ya ce in yi da kaina. Ɗakin baya har yanzu yana ɗan ƙwanƙwasawa don bututunsa a ƙarƙashin daɓen katako yake, wannan sai an kashe hita a ƙarshen Mayu za a ɓalle.