Wa za a fara yi wa allurar rigakafi, tsofaffi ko masu fita nema?

Annoba ta ɓarke, allura kuma ba ta isa kowa ba, dole hukuma ta zaɓa. A korona an gwada hanyoyi biyu.

Birtaniya ta bi shekaru. Da ta fara ranar 8 ga Disamba 2020, mazauna gidajen kula da tsofaffi ta sa gaba, sai 'yan shekara 80 zuwa sama da ma'aikatan lafiya, a haka ana gangarowa. Hujjar a fili take: a Amurka, kusan takwas cikin goma na waɗanda cutar ta kashe a 2020 sun kai shekara 65. Ga sauƙin aiki, ranar haihuwa kawai za a duba.

Indonesiya kuwa, a Janairun 2021, bayan ma'aikatan lafiya sai ta fifita 'yan shekara 18 zuwa 59, wani ɓangare saboda ba a gama gwada allurar Sinovac, wadda ƙasar ta fara amfani da ita, a kan tsofaffi ba. Amma akwai hikima ma a ciki. Mai hali yana aikinsa da kwamfuta a gida. Direban bas fa? Ya wuni yana shaƙar numfashin fasinjoji, da dare ya koma ɗaki ɗaya da iyali har da tsohuwarsa. Shi ke kai mata cutar bai sani ba.

Ni dai a korona na fi karkata ga ta Birtaniya, don alluran sun fi ƙarfi wajen hana mutuwa a kan hana yaɗuwa. Da annobar murar da ta game duniya a 1918 ce, da lissafin ya juye, domin ita 'yan shekara 20 zuwa 40 ta yi wa ɓarna sosai.