Asusun yara a nan Kolumbus

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, ka tambaye ni inda nake adana kuɗin barka da sallar yara, tunda a nan Amurka ba mu da asusun yumɓu irin na gida da za a fasa. To ga labari.

Ranar Asabar na kai su wata ma'ajiyar kuɗi da ake kira kiredit yuniyon. Ta fi kama da ƙungiyar gama kai ta ma'aikata da ka sani a gida, sai dai ita tana da rassa da katin cirar kuɗi da manhajar waya. Duk mai ajiya mamba ne, kuma mambobin ne masu ita, su suke zaɓen shugabanni, kowa ƙuri'a ɗaya komai yawan kuɗinsa. Dala 5 aka karɓa a matsayin hannun jari. Auta da ya ji an ce yanzu yana cikin masu wurin, har yau da ƙyar yake amsa sallama.

Takardun ba yawa: takardar haihuwa, lambar Soshal Sikuriti ta yaro, wadda kusan ita ce NIN ɗinsu, da lasisin tuƙina. Da yake ba su kai 18 ba, dole sunana ya hau asusun. Auta ya samu na ajiya kawai. Babbar, mai shekara 14, an ƙara mata na hada-hadar yau da kullum da kati, kuma ko alewa ta saya sai wayata ta sanar da ni. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a zaftare komai. Na tuna asusun da na buɗe wa 'yar wajen Inna a gida, kuɗin saƙon tes ya yi ta lasar 'yan canjin har na daina dubawa. Idan ma wurin ya karye, hukumar gwamnatin tarayya NCUA ta tsaya wa mai ajiya har dala 250,000. Tamu NDIC sai a 2024 ta ɗaga nata daga naira 500,000 zuwa miliyan 5.

Amma kada ka ɗauka komai nasu ya fi. Tura kuɗi daga wannan banki zuwa wancan ta hanyar da aka saba yakan kwana ɗaya zuwa uku, alhali kai a Kantin Kwari kafin ka ɗaure kaya alat ya shigo.

Inda na daɗe ina jan magana da ma'aikaciyar shi ne ribar da suke sakawa a asusun ajiya. Suna kiranta rabon riba, tunda kai mamba ne. Na tambaye ta daga ina kuɗin yake fitowa, ta ce akasari daga bashin mota da na gida da suke bai wa mambobi da ruwa. Ka ga sauya suna bai wanke shi ba. A nan kun fi mu, tunda bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki tun 2012, ni kuwa ban samu irinsa kusa da mu ba. Na babbar ba ya haihuwa ko sisi, hankalina kwance. Na auta kuwa, ɗan abin da ya ƙaru ina rubuta shi a littafi in fitar da shi daban.

Don Allah ka tambayar min Malam ko hakan ya wadatar, ko gara in mayar da kuɗin auta cikin asusuna. A gaida Inna da su Anti.