Awo da haihuwa a asibitin unguwarmu, abin da na gani

'Ya'yana biyu a gida na haife su, a hannun tsohuwar ungozomar layinmu, kuma lafiya lau aka rabu. A ciki na uku ne na fara zuwa awo a ƙaramin asibitin unguwarmu a nan Katsina, tun yana wata huɗu. Yanzu da muka yi arba'in nake so in faɗi yadda na same su.

Abin da ake bayarwa kowa ya sani: maganin ƙarin jini, Fansidar saboda zazzaɓin cizon sauro, allurar rigakafi, da gidan sauro. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Sistar da ke dubamu. A wata na takwas ƙafafuna suka kumbura, Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce alamar namiji ce. Sista ta auna jinina ta ga 150 bisa 100. Ba ta sallame ni ba. Ta zaunar da ni na huta, ta sake aunawa, ta sa aka gwada fitsari. Sannan ta yi mini bayani dalla-dalla, cewa daga 140 bisa 90 mai ciki ta shiga hawan jini, kuma shi ke kawo jijjiga. Ta ce in na ji ciwon kai mai tsanani ko na fara gani dishi-dishi, ko tsakar dare ne kada in jira gari ya waye. Ta tura ni wajen likita aka ɗora ni kan magani, ta mai da awona duk sati. Wallahi har yau in na tuna sai in yi mata addu'a.

Ranar haihuwa ma ita na tarar. Yaro na faɗowa ta kwantar mini da shi a ƙirji, ta yi mini allurar tsai da jini, ta ce in ba shi dakashi. Hajiya ta so a matse a zubar. Sista ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, wannan shi ne rigakafinsa na farko." Da ladabi ta shawo kanta, har ta yarda a bar gashin cibiya a riƙa shafa man da suka bayar, ni kuma a ɗauke mini kunun kanwa saboda jinina.

Inda suka gaza ba zan ɓoye ba. Ranar awo in ba ki isa da ƙarfe bakwai ba, sai bayan azahar. Daren da na haihu Sista ita kaɗai ce a kan mata uku masu naƙuda, aka ɗauke wuta, da fitilar waya ƙanwata ta haska mata. Safar hannu da auduga ma mu muka saya. Wannan ya sosa mini rai, don mace ɗaya ba za ta iya rabuwa uku ba in jini ya ɓalle wa wata.

Jibi za mu koma allurar sati shida, kuma ta ce in zo da katina ta sake duba jinin.